Jiminar Wada Wanzami

A shekarun da ake tara dalar gyaɗa a Kano, an yi wani wanzami a Kwanar Dangora mai suna Wada. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Askarsa ba ta taɓa gutsure kunnen kowa ba. Inda aka samu matsala bakinsa ne, don in ya kama kanka da hantsi, to kafin ya sake ka sai ka ji yadda ya taɓa yi wa kura ƙaho, da yadda Baturen gona ya roƙe shi ya bi shi Turai ya ƙi.

Da ubansa ya rasu ya bar masa zabira, da asake huɗu, da bijimai biyu, da 'yar fadama, da kuma gidaje. Gidajen nan su ne ainihin gadon. Daga Bebeji zuwa Kiru har Tudun Wada, akwai gidajen da tun kaka da kakanni ba mai taɓa kan jaririnsu ranar suna sai wanzamin gidan su Wada. Babba a cikinsu shi ne gidan Malam Khalil na Burumburum, malami mai tsatso da yawan 'ya'ya, wanda in gidansa ya riƙe ka, rabin ƙasar ta riƙe ka. Wasiyyar tsohon kuwa guda ce: "Wada, duk gidan sunan da za ka, ka riga rago faɗuwa." Shi tsohon da jaki ya yi ta cika wannan magana shekara arba'in, yana kwana a ƙauyen tun jajibere.

Wada kuwa jaki kunya yake ba shi. Wata safiya ya kira matarsa Balaraba ya zaunar da ita kamar mai shirin raba gado.

"Babur zan saya," in ji shi. "Suna huɗu zan riƙa yi a safiya guda. Bebeji da asuba, Kiru da fitowar rana, Tudun Wada da hantsi, in ƙarasa Doguwa kafin kunu ya huce. Nan da baɗi ba wani wanzami da zai ƙara wasa aska a ƙasar nan sai ni."

Balaraba ta ce, "To su matan garuruwan huɗu, kai za ka tsara musu ranar haihuwa?"

"Ke ba ki san zamani ba."

Ya sayar da bijiman, ya sayar da fadamar, ya haɗa da jakin, ya hau mota sai Kano.

Kantunan babur biyu ne a wani titi kusa da tashar jirgi, suna kallon juna. Ɗaya na sayar da babur mai tambarin ɓauna, baƙi wuluk, ba ado. Ɗayan kuma na sayar da mai tambarin jimina, ja, yana ƙyalli har ka ga haƙoranka a jikin tankin. Wada na tsaye a tsakiyar titi da kuɗi ɗaure a ƙugu, sai akawun kantin Jimina ya hango kumburin rigar. Ya fito har bakin ƙofa da wuyansa ɗaure da laktaye, ya ce, "Ranka ya daɗe, shigo daga rana."

Tun da uwar Wada ta haife shi ba wanda ya taɓa ce masa ranka ya daɗe. Aka ba shi kujera mai hannu, aka buɗe masa lemo mai sanyi, aka tambayi lafiyar iyali da ta damina. Kafin lemon ya ƙare ciniki ya faɗa. Akawu ya raka shi har titi, ya riƙe hannunsa ya ce, "In wani abu ya sami babur ɗin nan, kada ka bar hannun kowa ya taɓa shi sai namu. Mu da kai yanzu mun zama ɗaya."

A nan Wada ya yi kuskuren da ya ci shi. Shi a sana'arsu, in gida ya riƙe wanzami ya riƙe shi ke nan har jikoki: ana gaisawa, ana zuwa jaje, ana aika goron salla. Sai ya ɗauka haka kanti yake, wato yau ya sami dangi a birni.

Ranar da ya shigo Kwanar Dangora a kan Jimina, bayan ya faɗi sau uku a hanya, har masu sayar da rogo sun bar tirensu. Ya tsaya daidai maƙerar Dikko, ɗan gwaggonsa kuma taubashinsa, ya murɗa totur har sai da zakaran unguwa ya hau danga.

Dikko ya ajiye guduma ya zagaya babur ɗin. "Taubashi, wannan ne bijimai biyu da fadama?"

"Shi ne."

"Yana noma?"

"Hanya yake ci."

"Yana ba da taki?"

"Hayaƙi yake bayarwa, na Turai ma kuwa. Shaƙa ka ji, wataƙila kanka ya buɗe."

"In ya yi ciwo fa?"

"Jimina ba ta ciwo. In ma ta yi, ni da kamfani uwa ɗaya uba ɗaya. Tari kawai za ta yi su aiko mota daga Kano."

Mako uku aka yi Wada na shan sharafinsa. Ya sa aka ɗinka masa hoton jimina a hula. Duk kan da ya kama sai mai kan ya ji cewa babur iri biyu ne a duniya, Jimina da tarkace, kuma mai hawa Ɓauna gara masa jaki. A wani gidan suna a Kiru ya shiga har ƙofar zaure da ƙara, ragon suna ya tsinke igiya ya yanki daji. Liman da dattawa da maroƙa suka tattare riguna suka bi shi, ba a kamo shi ba sai azahar, cikin gonar dawar wani. Da maigida ya yi ƙorafi, Wada ya ce laifin ragon ne da bai waye ba.

A mako na huɗu, yana kan hanyar Doguwa, daidai gefen dajin Falgore, ya ji ƙaras a ƙarƙashinsa. Inji na ta ruri, babur kuwa ya tsaya cik. Ya ƙara wuta, ƙara ta ƙaru, taya ko motsi. Da ya sauka ya ga sarƙar kwance a ƙasa, wani ɗan ƙarfe da ke haɗa bakinta biyu ya tsinke, abin da bai fi ɗan yatsa ba.

Wani Bafulatani da ke kiwo a gefe ya daɗe yana kallo, jingine da sandarsa. Ya ce, "Wannan dokin naka kuka kawai ya iya?"

Haka Wada ya shigo Kwanar Dangora da la'asar, ranar kasuwa kuwa, yana zaune a kan Jimina riƙe da kanta, wani sa na Bafulatanin yana jan ta da igiya.

Dikko ya fito yana goge hannu. "Ashe tana noma, taubashi. Ka ɓoye mini."

"Gwaji ne kamfani ya ba ni," in ji Wada, ko kallonsa bai yi ba. "Suna so su san ƙarfin shanun ƙasar nan."

Da mutane suka watse, Dikko ya biyo shi gida, ya ɗaga sarƙar ya duba. "Wannan ɗan haɗin ne kawai. Kawo in buga maka wani, kafin ka shanye fura na gama."

Wada ya fizge sarƙar. "Hannun da ke buga fartanya? Ka san ko a ina aka ƙera wannan? An ce kada kowa ya taɓa. Gobe zan je wajen 'yan'uwana."

Tun da zumunci za a yi, ba a zuwa hannu rabbana. Ya kama zabbin Balaraba guda biyu ya hau mota. A ƙofar kanti maigadi ya tare shi ya nuna masa wani benci a rana. Kujera mai hannu tana nan, amma wani mai kumburarriyar riga ne a kai yana shan lemo. Sai bayan azahar Wada ya sami isa gaban akawu. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya miƙa zabbi. Akawu bai ɗago kai daga takardar da yake dubawa ba, amma hannunsa ya san hanyar zabbin.

"Irin wannan ƙarfen yana cikin jirgin ruwa," in ji shi. "A dawo Laraba."

Wada ya koma gida ya zauna a bakin kasuwa. "Kai, mutanen nan akwai karamci. Da ƙyar suka bar ni na taho. Jirgin ruwa guda suka tayar saboda ni."

Laraba ta zo, ya tafi da ƙwaryar zuma. Aka ce jirgi ya iso Ikko, kayan na cikin jirgin ƙasa. Larabar gaba ya tafi da man shanu, aka ce kaya sun iso, amma mai riƙe da makullin sito ya tafi garinsu biki. Ta gaba kuma makulli ya dawo, sai dai manaja bai sa hannu ba. Duk dawowar da zai yi sai labarin ya ƙara ƙiba: yau an ba shi shayi da madara, gobe manaja da kansa ya kaɗe masa kujera.

Kullum da sassafe kuma sai ya fito da Jimina ƙofar gida ya hau, ya tashe ta, ya yi ta murɗa totur don kada a ce ta mutu. Inji lafiyarsa lau, ai. Ya yi ruri ya yi ruri, unguwa ta cika da hayaƙi, sannan ya kashe ya tura ta cikin zaure. Gwaggo Tani, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan danga wata rana ta ce, "Wada, in tafiya za ka yi ka tafi, in zama za ka yi ka bar mu mu ji da kunnenmu. Kajina sun daina ƙwai."

Gidajen gado kuwa suna nan suna haihuwa, ba su jira jirgin ruwa ba. Jaki an sayar, tafiyar ƙasa kuma Wada ya ce ba ta dace da mai babur ba. Sai wani wanzami mai suna Sale, mutumin Kiru, shiru-shiru, mai jaki da guntun kunne, ya fara bayyana a gidajen suna. Ba ya roƙo, ba ya kushe kowa, zuwa kawai yake yi. Balaraba ce ta fara lura, don tukunyarta ta daɗe ba ta ga naman suna ba.

"Malam, gidan Bebeji sun kira Sale. Na Kiru ma haka."

"Bar su. Ƙananan gidaje ne. Muddin gidan Malam Khalil na hannuna, duk za su dawo suna ba da haƙuri."

Abin da ya fi ba da haushi shi ne, zaman bencin nan bai koya wa Wada komai ba sai sabon salo. Ya lura cewa a birni babban mutum ba ya ɗaga kai. Sai ya samo benci ya ajiye a rana a ƙofar gidansa, shi kuma ya zauna a inuwa da littafin da aka ba shi tare da babur, na Turanci, yana buɗawa a juye. Mai son aski ya zo ya yi sallama, Wada ya bar shi ya soyu tukuna.

Ana haka sai ga Surajo, babban ɗan Malam Khalil, mai fataucin gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ake gaida wanzamin gida, ya ce Malam na fama da ciwon baya, yana so a je a yi masa ƙaho.

Wada ya lashi yatsa ya buɗe shafi. "A dawo Laraba."

Surajo ya daɗe yana kallonsa. "Haka zan gaya wa Malam?"

"Haka tsarin yake yanzu."

Malam Khalil mutum ne mai haƙuri. Ya sa aka gasa masa bayan da tsumma. Bayan kwana goma Surajo ya sake dawowa, wannan karon da goro. Matarsa ta sauka ranar Juma'a, namiji, jikan Malam na fari ta wajen ɗa. Suna Juma'a mai zuwa.

"Malam ya ce in tuna maka," in ji Surajo, "kakanka ne ya aske shi, babanka ya aske ni. Yana so askar gidanku ta sauka a kan yaron nan. Ya ce kada a yi irin ta ƙaho."

"Haba. Ko da rarrafe ne."

"Sannan ni ma ina son sayen babur, saboda zirga-zirgar gyaɗa. Na ji an ce kai ɗan gida ne a kantin Jimina."

Nan Wada ya ji kansa ya yi girma har hula ta matse shi. Ya ga kansa ya kai musu mai saye, manaja ya fito ya rungume shi, an naɗa shi wakilin Jimina na ƙasar kudu baki ɗaya. "Laraba mu tafi tare," in ji shi. "Ka sayi taka, in karɓi ƙarfena. Ranar suna mu jera Jimina biyu a ƙofar Malam. Kada ka ci komai kafin mu tafi, don shayinsu da burodi yake zuwa."

Ranar Laraba da safe Dikko ya zo aski. Wada ya jiƙa kan, ya kwashe ɓangaren dama tas, sai motar Kano ta yi oda a bakin titi. Ya ninke aska ya jefa a zabira.

"Taubashi, ina za ka? Saura rabi."

"A dawo Laraba," in ji Wada, yana gudu.

Dikko bai nemi wani wanzami ba, bai kuma sa hula ba. Haka ya yi ta yawo a kasuwa da rabin kai, duk wanda ya tambaya sai ya ce sabon yayi ne daga kamfani, ɗaya rabin yana cikin jirgin ruwa.

A Kano, Wada ya shiga gaba yana taƙama, Surajo na biye. Maigadi ya sa sanda ya tare su.

"Kai, ba ka gane ni ba ne?" in ji Wada.

"Na gane ka mana. Benci."

"Wasa yake yi," Wada ya ce wa Surajo. "Mun saba."

Suka zauna a rana. Hantsi ya wuce, azahar ta yi, cikin Surajo na ta ƙugi. Can akawu ya leƙo ta taga, ya ce wa maigadi, "Mai zabbin nan ne kuma? Yau me ya kawo?"

Wada ya miƙe da sauri. "Ranka ya daɗe, ni ne Wada, na Kwanar Dangora. Wanda kuka ce mun zama ɗaya."

"Kowa ma haka muke ce masa. Ka riga ka saya, ko ba ka saya ba?"

"Na saya."

"To sai haƙuri. Masu saye muke ji da su yanzu. Ka zo gobe."

Ya rufe taga. Da a ce ya dubi rigar Surajo da kyau, da ya ga kumburin da ya fi na Wada, amma ƙurar mota ta rufe su duka biyun, kuma wanda ya zauna a benci ba a yi masa kallo na biyu.

Surajo ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya tsallaka titi. Wada ya bi shi yana cewa, "Surajo, tarkace ne. Wallahi tarkace ne."

A kantin Ɓauna ba kujera mai hannu, ba lemo. Tabarma ce da randa. Wani dattijon makaniki mai baƙin mai a hannu ya ba su ruwa, su biyun, kafin ya tambayi wanda zai saya. Surajo ya yi tambaya ɗaya: in ya lalace fa? Dattijon ya ja shi bayan kanti ya nuna masa kayan gyara rataye a bango, ya ce shi da kansa zai kai shi gida a kan babur ɗin, ya kwana biyu yana koya masa hawa. Sannan ya ga sarƙar da ke leƙowa daga zabirar Wada.

"Malam, ɗan haɗi ne ya tsinke? Ina da wanda zai shiga. Karɓi, ba sai ka biya ba."

Wada ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. "Jimina ba ta sa kayan Ɓauna."

Surajo ya hau bayan makaniki. Kafin su tashi ya ce, "Jibi ne, Wada. Da sassafe."

"Zan riga ku shan kunu."

Wada ya kwana a zauren wani mai goro, ya koma benci tun da safe. Sai da ana shirin rufe kanti ranar Alhamis akawu ya miƙo masa wani ƙunshi ta taga, an naɗe da takarda mai kauri, an ɗaure da zare, an manna jan hatimi. "Ga kayan Jimina. Dangwala nan." Wada ya dangwala yatsa, ya rungume ƙunshin, ya ji duk wahalar da ya sha ta wanke.

Ya iso gida da magariba. Balaraba ta ce, "Buɗe mu gani."

"Kayan kamfani ba a buɗe shi a ɗaki. Gobe in an fito masallaci, a gaban kowa, har da mai rabin kai."

"To ka ari jakin Gwaggo Tani ka tafi Burumburum yanzu ka kwana can, yadda Baba yake yi. Babur ba zai gudu ba."

"In shiga gidan Malam a kan jakin aro, Surajo na da Ɓauna a ƙofa? Allah ya kiyaye."

Da aka sallame sallar asuba, Wada ya turo Jimina ƙofar masallaci. Ya yi jawabi a kan zumunci da cika alkawari, da yadda wasu ke gaggawar bin tarkace. Dikko na tsaye a gaba, rabin kansa na ƙyalli. Wani ya ce, "To wa zai ɗaura, tun da an ce sai hannun kamfani?"

"Hannuna hannun kamfani ne."

Ya tsinke zare, ya ɓalle hatimi, ya warware takarda. Cikinta akwai wata takardar. Ya warware ita ma. Sai ga abu ya faɗo tafin hannunsa yana walƙiya: sabon tambarin jimina, irin wanda ake mannawa a jikin tanki, ta ɗaga ƙafa ɗaya tana gudu.

Liman ya yi gyaran murya ya dubi sama.

Dikko ya matso ya karɓa ya juya shi. "Masha Allahu. Yanzu sai ka manna a ɗaya gefen, su zama biyu, su ja ka."

Dariya ta ɓarke, har ladan sai da ya dafa bango. Gwaggo Tani, da ke wucewa da tulu, ta ce ita dai a biya ta ƙwanta. Wada ya buɗe baki zai ce gwaji ne, amma ya dubi gabas ya ga gari ya fara ja, maganar ta maƙale.

Ya kama hannun Dikko ya ja shi gefe. "Taubashi, buga mini."

"Da hannun fartanya?"

"Da shi."

"A dawo Laraba."

"Dikko, gidan Malam Khalil ne. Shi kaɗai ya rage mini."

Dikko ya dube shi, ya ga idon ya kawo ruwa, sai wasan ya fita daga ransa. Ya karɓi sarƙar. "Zo mu je. Kafin wuta ta kama ka ƙarasa mini kaina, don ba zan ƙara kwana da shi haka ba."

Aka yi aski ana zuga wuta. Dikko ya yanko ƙarfe daga wata tsohuwar lauje, ya buga, ya huda, ya gwada, ya sake bugawa. Abin da jirgin ruwa da jirgin ƙasa da makullin sito suka kasa kawowa a mako bakwai, ya fito daga maƙera kafin a sauke kunun safe. Wada ya hau, ya tashe ta, taya ta juya. Ko godiya bai tsaya yi ba. Sai dai rana ta riga ta ɗago sama da kan rimi.

Bai taɓa gudu irin na ranar ba. Hular jimina ta tashi a hanya bai waiwaya ba. Da ya hango gidan Malam Khalil, abin da ya fara gani shi ne fatar rago shanye a kan danga. Kusa da ita ga Ɓaunar Surajo a jingine, ga kuma jaki mai guntun kunne yana cin harawa, da alamar a nan ya kwana.

Wada ya kashe inji tun daga nesa, ya sauka ya turo ta a hankali. Wannan ne karo na farko da ya shiga taro ba a ji zuwansa ba.

Malam Khalil na zaune a kan buzu a ƙofar zaure, dattawa kewaye da shi. Wada ya cire takalmi ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, an raɗa suna lafiya? Allah ya raya."

"Amin, Wada. Ka sha hanya. A ba shi ruwa."

Daga cikin zaure Sale ya fito yana goge aska, ya gaida Wada da ladabi, ya wuce wajen jakinsa. Aka biyo shi da rabon wanzami, nama da damin gero, aka ɗora masa.

Wada bai iya yin shiru ba. "Allah ya gafarta Malam, mutanen kantin nan ne suka cuce ni. Ran da suke son kuɗina har kujera suka ba ni. Da buƙatata ta taso, mako bakwai ina zarya, ko kai ba sa ɗagowa. Mutum ya riƙe ka da amana, ka bar shi a rana?"

Malam ya gyaɗa kai. "Abin da ciwo. Za ka koma wajensu?"

"Ni? Ko kyauta suke rabawa. Ni da su har abada."

"To ka ga," in ji Malam a hankali, "mu ma mun jira har rana ta ɗaga, jariri na kuka, rago na ɗaure. Ba wanda ya kai ni son ganin zabirar babanka a zauren nan yau."

Dikko bai zo ba, amma wani tsoho a gefe ya yi aikinsa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Wanzami ba ya son jarfa."

Wada ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Na ji matar ƙanen Surajo ma ta kusa."

"Ta kusa. Sale ya ce zai kwana nan."

Aka kawo masa ɗan nama ƙunshe a ganye, daidai irin wanda aka ba kowane baƙo, da goro guda. Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe a durƙushe, har sai da jakin Sale ya tashi da kayansa ya bi hanyar Kiru, yana tafe yana kaɗa guntun kunnensa.

Da la'asar aka ga Wada a maƙerar Dikko, ya ari kurfi da guduma, yana ɓamɓare jiminar da ke jikin tanki. Ya haɗa da sabuwar ya miƙa.

"Me zan yi da su?" in ji Dikko.

"Ka narka ka yi wa Gwaggo Tani cokali." Sannan ya ce, "Taubashi, wanda ya sayi jakina, ka san ko yana nan a Bebeji?"